Zan haɗa keken hawan dutse da kaina: ku duba mini jerin kayan nan kafin in biya

Sabon_Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Niyyata in haɗa keken hawan dutse daga kaya ɗaiɗai maimakon in sayi haɗaɗɗe. Firam da wili biyu suna hannu, sauran a takarda suke, ban biya ba tukuna.

Firam: alminiyam, mara shokazoba a baya, na taya mai inci 29. Bayansa 148x12 (faɗi da kaurin aksil a milimita), gidan boris na tsakiya (inda sandar feda ke juyawa) BSA 73, wuya ZS44/ZS56, ramin sandar sirdi 31.6. Kamfanin ya rubuta fok (shokazobar gaba) mai tafiyar nutsewa milimita 130, iyaka 140.
Wili: hob (cibiyar wili) na baya 142x12 mai firihob (inda haƙoran giya ke hawa) samfurin XD, na gaba 100x15, duka masu kusa shida na ɗaure faifan birki.
Fok: tafiya 150, aksil 110x15.
Giya: kaset (jerin haƙoran giya na baya) Shimano SLX 10-51, macanji (mai matsar da kaca daga haƙori zuwa haƙori) da shifta Deore mai giya 12, kaca Shimano.
Karank (hannuwan feda): SRAM DUB, faranti mai haƙora 32, da boris Shimano Hollowtech II.
Birki: Shimano mai fistin huɗu, faifai 203 a gaba, 180 a baya, Centerlock (masu ɗauri da zobe ɗaya a tsakiya maimakon kusoshi).
Sandar sirdi mai sauka: kauri 30.9, sauka 180.

Tambaya biyu: wanne ne ba zai shiga wani ba, kuma da me ake farawa ranar haɗi?

Mai_Sifana:
Wa alaikumus salam. Gara da ka tambaya kafin kuɗi su fita. Kowane kaya a jerin nan mai kyau ne in shi kaɗai aka duba, amma aƙalla biyar ba sa shiri da maƙwabtansu. Mafi girma wilin nan ne. Firam ɗinka Boost ne, faɗin 148, hob ɗinka 142, saura milimita 6 a sarari. A gaba ma haka, fok 110, hob 100. Sannan firihob XD na kaset ɗin SRAM ne, shi kuwa SLX mai 12 firihob Micro Spline yake so. Ga kuma faifan Centerlock a kan hob mai kusa shida, wanda sam ba ya ɗauruwa. Wili ɗaya, matsala uku.

Boris73:
In ƙara na huɗu. Sandar karank ɗin DUB kaurinta 28.99, ta Shimano 24. Boris ɗin Hollowtech ba zai haɗiye ta ba ko da guduma. Ko dai boris ɗin DUB na BSA, ko karank ɗin Shimano. Ƙa'idar ita ce firam ke faɗa maka wajen boris, karank ke faɗa maka cikinsa.

Kaca_da_Giya:
@Boris73 gaskiya ne, amma kada ya sauya boris kawai ya ɗauka ya gama. Kacar Shimano mai 12 faranta na ciki sun ɗan zarce na sauran kacoki, domin a haka aka ƙera ta ta dace da haƙoran kaset ɗinsu. In aka ɗora ta a farantin SRAM, sau da yawa mahaɗin kacar ba ya zama daram a kan haƙori mai kauri, sai ka ji ƙas-ƙas a kowane zagaye. Tun da kaset, macanji da kaca duk Shimano ne, a sayi karank Deore ko SLX, boris ɗin da ke jerin ya zauna yadda yake. Kaya ɗaya aka sauya, matsala biyu sun tafi.

Sabon_Mahayi:
Tirƙashi. Ashe aiki ne ja. To wilin fa, zubar da su zan yi? Na ji ana sayar da washa na cike gurbin.

Tsohon_Makaniki:
Yaro, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ana cike gurbin, amma ka san abin da kake saye, domin iri biyu ne.

Na farko yana sa washa milimita 3 a kowane gefe. Ba sai an taɓa wayoyin wili ba, rim yana nan a tsakiya. Illarsa, kaset ya koma ciki da milimita 3 daga inda macanji ke tsammaninsa. Sai ka ƙure kusar iyaka kafin kaca ta hau babban haƙori, wani lokaci ma ba ta kaiwa. Kuma duk sanda ka cire wili a daji, washar nan sai ta faɗi cikin ciyawa.

Na biyu yana sauya murfin hob na gefen birki da wanda ya fi tsawo da milimita 6. Kaset ya zauna daidai inda ya kamata. Ana sa wa faifai zobe mai kaurin 6 da dogayen kusoshi don ya kai bakin mamatsin birki. Sai dai rim zai karkata zuwa gefen kaset da milimita 3, dole a ja shi tsakiya: a sassauta wayoyin gefen kaset, a ƙara ɗaure na gefen birki, kwata-kwatan juyi, ana zagayawa ana aunawa. Wannan shi ne gyara na gaskiya. Amma sai in mai hob ɗin, ko wani kamfani, yana yin murfin da ya dace da shi.

Injiniya_Awo:
Baba ya faɗi yadda ake yi, ni kuma zan faɗi dalilin da zai sa a yi tunani sau biyu. Amfanin Boost shi ne an ware kunnuwan hob da ake saƙala wayoyi, wayoyin suka sami kusurwa mai faɗi, wili ya ƙara tauri ta gefe. Wilin 29 ya fi kowa buƙatar haka saboda tsawon wayoyinsa. Washa tana cike rami ne kawai, kunnuwan suna nan inda suke. Ka lissafa: murfin baya, murfin gaba, zoben faifai biyu, sabon firihob, da aikin jan rim. In hob ɗin ba na kamfanin da ke sayar da firihob daban ba ne, kamar DT Swiss ko Hope, maganar ta ƙare tun daga nan, domin XD ba ya zama Micro Spline da dabara.

Dan_Gangare:
Ko kuma ya bar XD ɗin ya koma SRAM gaba ɗaya. Kaset GX Eagle 10-52 a kan XD yake hawa, karank ɗin DUB da ya rubuta ya zauna, sai boris kawai. Me ya sa kowa ke tura shi Shimano?

Kaca_da_Giya:
Ba wanda ke tura shi, Malam. Hanya ce ita ma, kuma mai kyau. Abin da ba a so shi ne rabi nan rabi can. Ƙarin bayani ga masu karatu: dalilin da ya sa aka ƙirƙiro XD da Micro Spline shi ne ƙaramin haƙori mai 10. Tsohon firihob HG ya yi kauri, ba ya ɗaukar ƙasa da 11. Shi ya sa kaset NX Eagle 11-50 ke hawa HG duk da mai 12 ne. Mai tsohon wili da yake son giya 12 ba tare da sauya firihob ba, nan ne mafitarsa.

Hajiya_Feda:
Kun taru a kan wili kun bar abin da zai iya karya mutum. Fok 150 a firam da aka rubuta wa iyaka 140. Wili in bai dace ba, ba zai shiga ba, shi ke nan, ba wanda ya ji ciwo. Fok kuwa zai shiga lafiya lau, kuma nan ne haɗarin.

Dan_Gangare:
Hajiya, milimita 10 ce fa kawai a kan iyaka. Kuma keken da ba shokazoba a baya, da ka hau gaba ne kaɗai ke nutsewa, wuya ya ƙara miƙewa. Fok 150 in ya nutse kashi 20 cikin ɗari ya ci 30. Ni ban ga abin tsoro ba.

Hajiya_Feda:
Shi ma 130 ɗin nutsewa yake, ya ci 26, kuma masu zana firam sun sa wannan a lissafi. Bambancin yana nan bai tafi ko'ina ba. Abin da ake aunawa tsawon fok ne daga aksil zuwa kafaɗarsa. A fok na 29, mai 130 yana kusan milimita 540, mai 150 kusan 560. Duk ƙarin 20 yana kwantar da kusurwar wuya da kamar digiri 1, ya ɗaga tsakiyar keke da milimita 6 zuwa 7, ya kwantar da sandar sirdi baya, ya rage nisan kai. A gangara za ka ji daɗi. A hawa tudu tayar gaba za ta riƙa ɗagawa tana yawo. Babbar magana kuma, fok dogo sanda ce mai tsawo da ke banƙarar waldar ƙasan wuya duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi ko aka dira. Alminiyam ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi kamar baƙin ƙarfe, tsagewa yake. In ya tsage da fok ɗin da ya wuce iyaka, garanti ya tashi.

Mai_Sifana:
Ba sai an yi jayayya ba, akwai tsaka-tsaki. Yawancin fok masu iska na RockShox da Fox, sandar iskar da ke cikin ƙafar hagu ce ke yanke tafiyar. A sauya ta da ta 140 ko 130, fok ya gajarta. Aikin: a saki iska duka, a kwance kusoshin ƙasa, a zare wandon fok, a cire zoben da ke riƙe sandar, a sa sabuwa da giris ɗin da kamfani ya ce, a mayar da mai gwargwadon awo. A duba takardar samfurin tukuna, ba kowane fok ke sauka kowace tafiya ba. Amma tun da bai saya ba, ya sayi 130 ko 140 kai tsaye ya huta.

Injiniya_Awo:
Tun da ana maganar fok, ya duba ofset, wato milimitar da aksil ya zarce layin wuya ta gaba. A 29 akwai gajere, 42 ko 44, da dogo, 51. Firam na zamani masu kwantaccen wuya, digiri 64 zuwa 66, akasari a kan gajeren aka zana su. Ba abin da zai karye in ka sa ɗayan, juyin kai ne zai ɗan bambanta. Bi abin da ke takardar firam.

Sabon_Mahayi:
Na gode ƙwarai. Na soke 150, zan nemi 140. Faifan 203 fa, ya yi yawa?

Birki_Biyu:
Bai yi yawa ba in kana da nauyi ko gangarenku dogo ne, amma ka duba abu uku. Na ɗaya, kunnuwan birki a fok: wasu an yi su daidai faifai 160, wasu 180. Daga 180 zuwa 203 adafta mai ƙarin 23 ake sa, daga 160 mai ƙarin 43. Na biyu, 200 da 203 ba ɗaya ba ne. SRAM na yin 200, Shimano 203. In ka sa adaftar 200 a faifan 203, bakin faifai zai goga cikin mamatsi. In ka yi akasin haka, fad zai kama gefen faifai kawai, saman fad ɗin ya rage bai ci ba, har ranar da saman biyu za su haɗu da juna kafin su matse faifai, ka ja hannu ka ji tauri amma keke na tafiya. Na uku, firam ma yana da iyakar faifan baya, a duba ko ya yarda da 180.

Hob ɗinka mai kusa shida ne, sai faifai mai kusa shida. Akwai adafta da ke ɗora faifan kusa shida a hob ɗin Centerlock, babu ta komawa baya.

Tsohon_Makaniki:
A ƙara da wannan: wasu faifan Shimano masu sauƙi an buga musu rubutu cewa fad na roba-roba kawai suke ɗauka. Ka sa musu fad na ƙarfe, ya cinye su da wuri. Sabon faifansu kauri 1.8, in ya kai 1.5 a sauya.

Ruwan_Faci:
Tambaya a gefe, don Allah. In man birki ya ƙare, na mota yana yi? Ai duk birki ne.

Birki_Biyu:
A'a, ɗan'uwa, kada ka kuskura. Na mota nau'in da ake kira DOT ne. Shimano da Magura man ma'adini suke amfani da shi, robobin cikinsu an yi su don shi. DOT yana kumbura su, fistin ya maƙale, hannun birki da mamatsi duka su lalace. Hope da yawancin tsofaffin birkin SRAM su ne masu DOT, su ma in ka zuba musu man ma'adini haka za ta faru. SRAM ɗin ma yanzu suna da masu man ma'adini, kamar DB8 da Maven, saboda haka sunan kamfani bai isa ba, a karanta abin da aka rubuta a murfin tankin. Sirinji ma kada a haɗa, kowane mai da nasa.

Ga mai haɗi kuma: sabon birki tiyonsa dogo yake zuwa, sai an yanke. Duk yanka yana buƙatar sabon tsinken baki da sabon zoben tagulla, ba a maimaita tsoho. Tiyon Shimano iri biyu ne, BH59 da BH90, ramin cikinsu ya bambanta, tsinken ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Kafin ka yanke, juya kai har ƙarshe hagu da dama ka ga tiyo bai ja ba.

Mai_Shiru:
Mu koma tambayarsa ta biyu, ba wanda ya amsa. Da me ake farawa?

Mai_Sifana:
Da abin da ke bi ta cikin firam, tun gidan boris da wuya suna buɗe, yatsa na iya shiga ya kamo. Wato tiyon birkin baya, bututun wayar giya, da bututun wayar sandar sirdi, wanda shi ne ya fi wahala saboda kwanar da yake sha a gidan boris. Wanda ya ɗaura boris tukuna sai ya sake kwancewa. In akwai soso na rufe bututu a sa, in ba haka ba za su yi ta kaɗa jikin firam daga ciki.

Bayan nan kofunan wuya. ZS matsa su ake yi da abin matsi, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan giris, ana kallo kada su shiga a karkace. Sai boris na tsakiya. A BSA kofin gefen kaca tiredinsa baibai ne, hagu ake juya shi ya ɗauru. A fara da hannu, zagaye uku ko huɗu. In ya yi tauri tun farko, a tsaya, ko dai an hau tiredi a karkace ko fenti ne a ciki. A gida mai faɗin 73, boris ɗin Shimano na keken dutse washa ɗaya ta 2.5 yake so a gefen kaca. Ukun da ke cikin kwali na gida mai 68 ne. Ɗauri 35 zuwa 50 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri).

Sai fok, kai, wili, birki, karank, macanji, kaca a ƙarshe.

Tsohon_Makaniki:
Ka tsallake wurin da sababbi suka fi yin kuka, Malam. Yankan wuyan fok. Duk abin da ke keken nan in ka yi kuskure kana iya kwancewa, ban da wannan.

A fara buga zoben ƙasa a gindin wuyan, wanda ya zo tare da boris ɗin wuya, domin gangaren bakinsa, digiri 36 ko 45, dole ya dace da boris. A zura fok, a jera komai kamar an gama: boris na sama, murfi, zobba na milimita 20 zuwa 30, mariƙin kai, sai zobe na 10 a sama. A ja layi a saman jerin, a sauke, a yanke milimita 3 ƙasa da layin. Wannan 3 ɗin ita ce ke ba murfin sama damar danna jerin. In wuya ya yi daidai da baki, murfi zai zauna a kansa, ka ɗaure har ka gaji wasa bai tafi ba. A yanke da zarto mai ƙananan haƙora da abin saiti, a goge bakin da fayil. Tauraron ciki, wato notin da kusar murfin sama ke kamawa, a buga shi zurfin kamar milimita 15, a miƙe.

A bar tsawo da farko. Bayan an hau na ɗan lokaci an gane tsayin da jiki ke so, a sake ragewa. Ƙarfe ba gashi ba ne, ba ya tsirowa.

Wajen ɗauri, murfin sama tukuna, mariƙin kai a sake. A riƙe birkin gaba, a girgiza keke gaba da baya, yatsa a mahaɗar kofi. Da ƙwas-ƙwas ya ɓace a tsaya, sannan a ɗaure kusoshin gefe.

Boris73:
Baba ya gama magana. Abu ɗaya: kai da mariƙinsa su zama kauri ɗaya, 31.8 ko 35. Bai rubuta su a jeri ba, kada ya je ya ƙara mana matsala ta shida.

Dan_Gangare:
Sifana mai awon ɗauri dole ce? Makanikai da yawa da hannu suke yi.

Injiniya_Awo:
Hannun da ya shekara yana ɗauri daban ne da hannun da zai fara yau. Ƙananan kusoshin mariƙin kai 4 zuwa 6 Nm suke so, kuma da dogon alanki mutum na wuce haka bai sani ba. Kusoshi biyu na hannun karank ɗin Shimano na hagu 12 zuwa 14, ana ɗaure su bi da bi. Murfin kaset 40. Mamatsin birki 6 zuwa 8. Sababbi sukan wuce ƙima a ƙanana, su gaza a manya. Sakamako: tiredin alminiyam ya mutu a sama, kaset na girgiza a ƙasa yana cin firihob. In akwai kabon a ko'ina, kai ko sanda, to babu muhawara, kuma man kabon mai ɗan yashi-yashi ake shafawa, ba giris ba.

Hajiya_Feda:
Sandar sirdi ma ba a taɓa ta ba. 30.9 a ramin 31.6 tana yiwuwa da rigar cike gurbi, amma doguwa, kamar milimita 100, don nauyi ya bazu ƙasa da mahaɗar bututun sama. Tun da ba a saya ba, a ɗauki 31.6. Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne ko 180 za ta shiga. A sa sanda ta gama-gari, a saita tsayin tuƙi, a auna daga bakin maɗauri zuwa ƙarafan sirdi. Sannan a zura sandar har ta tsaya, a ga zurfin da firam ke bayarwa, domin kusar gorar ruwa ko lanƙwasar bututu na tare hanya. A gwada lambobin biyu da na takardar sandar, har da ɗan hancin da waya ke kamawa a ƙasa. In ba ta shige sosai ba, a buɗe za ta fi ƙarfin ƙafarka. Maɗauri kuma kada a matse shi da yawa, yana shaƙe sandar ta riƙa dawowa a hankali ko ta tsaya a rabi.

Kaca_da_Giya:
Tsawon kaca, tun kafin ya tambaya. A naɗa ta a faranti da babban haƙorin kaset ba tare da bi ta macanji ba, inda bakin biyu suka haɗu a ƙara 'ya'ya 4 zuwa 5 a keke irin nasa. Mai shokazoba a baya lissafinsa daban, domin nisan aksil na ƙaruwa in baya ya nutse. Kacar Shimano tana da fuska, gefen rubutu yana kallon waje. Kafin a taɓa kowace kusar saiti, a auna kunnen da macanji ke rataye, ko sabo ne, domin a giya 12 tazarar haƙora ƙanƙanuwa ce, ɗan karkata kaɗan ya isa ya sa giya biyu ko uku na tsakiya su yi ta tsalle. Sai iyakar H (gefen ƙaramin haƙori), iyakar L (gefen babba), sannan kusar B mai saita tazarar macanji da kaset: a bayan kejin macanjin akwai layi, a daidaita shi da bakin haƙoran babban farantin kaset mai 51. Yawancin "giyata ba ta shiga da kyau" daga wannan kusar take.

Layin kaca kuma, wato milimita daga tsakiyar firam zuwa faranti: firam Boost karank mai layin 52 yake so, wasu sababbi 55. In ya bi hanyar washa 3 da 3 da Baba ya ce, lissafin ya koma na 49, faranti kuma zai iya matsowa kusa da ƙafar firam. Dalili ne na ƙari da zai sa a guje ta.

Ruwan_Faci:
Taya mara tif fa, a fara da ita ko a bari sai an saba?

Mai_Shiru:
A fara da ita in rim da taya duka an yi su don haka. A goge cikin rim da sifirit, a naɗa tef da ya fi faɗin cikin rim da milimita 2 zuwa 5, ana ja da ƙarfi, bakinsa ya hau juna kamar santimita 10. Ramin bawul a huda ƙarami da tsinke, kada a tsaga da wuƙa. Yawancin yoyon da ake gani a gindin bawul daga tef yake, iska ce ta bi ƙarƙashinsa ta fito ta nan, ƙara matse notin bawul ba ya magani. A shafa ruwan sabulu a bakin taya, a cire zuciyar bawul, a buga iska har a ji ɗas-ɗas, kada a wuce psi 40. Ruwan facin mililita 90 zuwa 120 a tayar 29. Yana bushewa cikin 'yan watanni, da sauri in ana zafi. Iskar hawa tsakanin psi 20 da 28 gwargwadon nauyi, baya ya fi gaba da 2 ko 3. A duba kibiyar juyi a gefen taya kafin a zuba ruwa.

Birki_Biyu:
Kuma kada ruwan nan ko giris ya taɓa faifai. Sabon fad sai an gasa shi: a ɗauki gudu matsakaici, a ja birki har kusan tsayawa ba tare da taya ta kulle ba, a saki, sau 20 haka, kowane birki daban.

Sabon_Mahayi:
Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya: fok 140, karank SLX mai layin 52, faifai masu kusa shida, sanda 31.6 bayan na yi awon da Hajiya ta ce. Wilin ne har yanzu nake kai-kawo. Na duba, ana samun firihob Micro Spline na hob ɗin, da murfin gefe ɗaya na baya. Na gaba ne ban samu ba sai washa 5 da 5.

Tsohon_Makaniki:
A gaba 5 da 5 ba ta da illar da take da ita a baya, babu kaset da zai kauce. Zoben faifai na 5 da dogayen kusoshi, da ɗigon man kulle tiredi. Wahalarta kawai riƙe washa biyu lokacin zura aksil. In rim ɗin lafiyayyu ne kuma faɗin cikinsu ya kai kusan 30, ni da na gyara su.

Injiniya_Awo:
Baba, a nan kam ban bi ka ba. Faifan 203 da fistin huɗu a kan zobe da dogayen kusoshi, ƙarfin murɗa ya ƙaru a wurin da aka ƙara masa tazara. Ko ya sauka zuwa 180 a gaba, ko ya sayi hob ɗin Boost a sake saƙa rim ɗin da sababbin wayoyi.

Dan_Gangare:
In za a sake saƙa, ai sai a auna tsawon wayoyi daga farko, na da ba lallai su yi ba. @Sabon_Mahayi faɗin cikin rim ɗin nawa ne, kuma ramuka nawa, 28 ko 32? Cire taya ka auna daga ciki zuwa ciki, ba daga waje ba, ka turo mana lambar.